Tsohuwar libarbar Colt ta 1851: ganewa, gyara da harbi ba sa tafiya tare

A Amurka da Ingila ba sabon abu ba ne dattijo ya rasu, magada su buɗe akwatinsa su tarar da tsohuwar libarba naɗe cikin tsumma, ƙarfenta ya yi duhu, ƙotarta ta sha hannu har ta yi sulɓi. Wanda ta faɗa hannunsa buri uku ke taso masa lokaci guda: ya san ko wace iri ce, ya goge ta ta yi ƙyalli, sannan ya fita fili ya ji ƙararta. Burukan nan uku kuwa ba sa ga maciji da juna. Gogewa na cinye shaidar da ake gane bindigar da ita, harbi kuma na ƙarasa abin da gogewa ta rage. Don a ga yadda abin yake, bari mu ɗauki bindiga guda mu bi ta daki-daki, wato Colt ƙirar 1851 da ake wa laƙabi da Navy.

Amma kafin a tambayi sunanta, sai an tambayi cikinta. Irin wannan libarba ba ta cin harsashi irin na yanzu mai kwanso. Silindarta, wato gangar nan mai juyawa, tana da ramuka shida. A kowane rami ta gaba ake zuba albarushi, a ɗora ƙwallon dalma, a danna shi ciki da wata liba da ke maƙale a ƙarƙashin bututun. A bayan ramin akwai ɗan hanci mai huda, a kansa ake kifa wata 'yar hula ta jan ƙarfe mai sinadarin da ke tashi da wuta in an buge shi. Ka ja kunama, guduma ta sari hular, tartsatsi ya bi huda ya taras da albarushi. To, mutanen da sun saba ajiye ta a ɗure, kuma albarushi ba ya mutuwa don tsufa muddin bai jiƙe ba. Wanda aka ɗura tun zamanin kakan kaka na iya tashi yau. Shi ya sa masu sana'ar ke fara zura ɗan tsinke a kowane rami su gwada zurfinsa da tsawon silindar daga waje. In tsinken ya tsaya a rabin hanya, akwai ajiya a ciki, kuma fitar da ita aikin maƙerin bindiga ne, ba na mai gida da ƙusa da guduma ba.

Wace ce ita?

Samuel Colt, haifaffen Hartford ta jihar Konetikat a 1814, ya sami takardar mallakar fasahar libarba a Amurka a 1836. Masana'antarsa ta farko a Paterson ta karye a 1842. Yaƙin Amurka da Meziko ne ya farfaɗo da shi, da aka ba shi kwangilar ƙatuwar libarbar Walker a 1847, mai nauyin kusan kilo 2, wadda sojan doki ke ratayawa a sirdi don ta fi ƙarfin ƙugu. Navy ta zo ne a matsayin wadda mutum zai iya ɗaurawa a ɗamara ya wuni da ita: nauyinta kilo ɗaya da 'yan kai, faɗin bakinta kashi 36 cikin 100 na inci, kimanin milimita 9 ke nan, bututunta mai kusurwa takwas tsawonsa inci bakwai da rabi. Daga 1850 zuwa 1873 an ƙera wajen 215,000 a Hartford, da wajen 42,000 a masana'antar da Colt ya buɗe a unguwar Pimlico ta Landan bayan ya baje kolinsa a babban bikin baje koli na 1851.

Waɗannan siffofi su ne matakin farko na tantancewa, domin tana da 'yan uwa masu kama da ita. In ƙarama ce, bakinta kashi 31, to 'yar aljihu ce ƙirar 1849, wadda ma ta fi Navy yawa a duniya. In bututun zagayayye ne, bakin kashi 44, silindar kuma ta fi kauri ta gaba, to Army ce ta 1860, wadda sojojin Arewa suka fi riƙewa a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. In kuma akwai gadar ƙarfe da ta rufe saman silinda, ba Navy ba ce ma sam, mai yiwuwa ta kamfanin Remington ce. Colt ta wancan zamani galibi samanta a buɗe yake. Bututun na zaune ne a kan wata sanda da ta fito daga uwar jikin ta ratsa tsakiyar silinda, sai a cusa ɗan wejin ƙarfe ta gefe ya ɗaure su. Ka zare wejin, bindiga ta rabu uku.

Daga nan sai rubutu. A saman bututu akwai layin adireshi: na farko-farko na ɗauke da sunan Colt da birnin New York, wasu Hartford, na Landan kuma sunan Landan. A gefen hagu na uwar jiki an buga COLTS PATENT. Ta Landan tana da ƙarin hatimai na gidan gwajin bindigogi na Ingila, masu kambin sarauta, a bututu da kuma jikin silinda, kuma galibi ƙarfen da ya zagaye ƙotarta baƙin ƙarfe ne, ba tagulla ba irin na Hartford.

Sai zanen da ke jikin silindar, wanda shi ne abin da masu tara kayan tarihi ke fara duba da tabaron ƙara girma. Jiragen ruwa ne na yaƙi, an zana su da siririn layi, da 'yan kalmomi a gefe masu nuna ranar 16 ga Mayu, 1843. Gumurzun Campeche ke nan, tsakanin jiragen Tekzas, lokacin tana ƙasa mai cin gashin kanta, da na Meziko. Waterman Ormsby ne ya sassaƙa zanen a kan wani ƙarfe da ake murzawa a jikin kowace silinda. Zanen ba shi da zurfi ko kaɗan. Hannu da kube da gumi na shekaru sun shafe shi a yawancin bindigogin, sai ka karkata ta wajen haske kafin ka tsinci filafilan jirgi ɗaya ko biyu. Yawan abin da ya saura na zanen nan na cikin manyan abubuwan da ke yanke farashi a wajen gwanjo. Shafa ɗaya ta sanfefa ta isa ta kwashe shi.

Lambar ƙira ita ce ta fi kowace shaida magana. Colt na buga lamba ɗaya a wurare da dama: ƙarƙashin bututu, uwar jiki, ƙarfen da ya kare kunama, gindin ƙota, silinda, har da liba da weji da sandar tsakiya, waɗanda a kan sa musu lambobin ƙarshe kawai. Ka kifa bindigar, za ka ga lambobi jere ɗaya bayan ɗaya. In duk sun yi daidai, tare suka fito daga masana'anta. In sun saɓa, an yi haɗe-haɗe, ko dai tun a sansanin soja ko kuma jiya a shagon wani ɗan kasuwa. Weji kam yawanci ba a cika tsananta masa ba, don shi ne ya fi saurin ɓata. Akwai jadawalin da ke nuna shekarar kowace lamba, sai dai kowane samfuri da nasa lissafin daga 1, Landan ma da nata, saboda haka lamba ba ta da amfani sai an riga an san samfurin. Kamfanin Colt na bayar da takardar tarihin bindiga daga kundinsa in an biya, amma gobarar da ta cinye masana'antar a Fabrairun 1864, shekara biyu bayan rasuwar Colt, ta tafi da takardu masu yawa.

Jabu, da abin da ba jabu ba amma ba ita ba ce

Nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Tun Colt na raye maƙeran birnin Liyej na Beljiyam ke kwaikwayon ƙirarsa, wasu da izini wasu babu. Ana gane nasu da hatimin haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai. Tsofaffi ne na gaske, suna da tasu daraja, amma ba Colt ba ne. 'Yan jihohin Kudu ma a lokacin yaƙin basasar Amurka sun kwaikwaye ta. Masana'antar Griswold da Gunnison a jihar Jojiya ta ƙera wajen 3,700 kafin sojojin Janar Sherman su ƙone ta a 1864, kuma saboda ƙarancin ƙarfe sai suka yi uwar jikin da tagulla. Da yake kaɗan ne, sun fi Colt ɗin kanta tsada a yau, shi ya sa 'yan damfara suka fi son su.

Babbar ambaliyar daga Italiya ta zo. Gab da cikar yaƙin basasa shekara 100, wani ɗan kasuwar Amurka mai suna Val Forgett ya nemi maƙeran yankin Bresha su ƙera masa sababbin Navy. Aldo Uberti ya kafa kamfaninsa a 1959, Pietta ta biyo baya, kuma har yau suna ƙerawa. Ba yaudara suke yi ba: suna buga sunan ƙasarsu, da gargaɗin cewa albarushi kaɗai za a sa, da hatimin gidan gwaji na Gardone, tauraro bisa haruffan PN, da alamar shekara cikin ɗan akwati, wadda ta koma haruffa biyu daga AA a 1975. Yaudarar na zuwa ne daga baya. Wani ya sa magagari ya kankare waɗannan alamomi, ya jiƙa ƙarfen da ruwan gishiri ko ya binne shi, ya buga lambobi. Kar a manta kuma, wadda aka ƙera a 1965 yau ta kai shekara 60, tsufanta na gaskiya ne ko ba a taɓa ta ba.

Abin da ke tona asiri yana ɓoye ne inda mai kankara bai kai ba. Zaren sukurorin Italiya na awon mita ne, na Colt na awon inci. Layukan cikin bututun Colt na asali suna fara murɗawa a hankali sannan su ƙara matsewa wajen baki, na yawancin kwafin kuwa murɗarsu ɗaya daga farko har ƙarshe. Inda aka kankare rubutu, kusurwar bututun kan yi ɗan kwari, yatsa na jin sa ko ido bai gani ba. Tsatsar da aka haɗa da gangan iri ɗaya take ko'ina, ta gaskiya kuwa ta fi cin wajen hancinan silinda, inda wutar hula ta yi ta lasa. Akwai kuma ƙa'ida mai sauƙi: Colt bai taɓa ƙera Navy mai uwar jikin tagulla ba, bai kuma fitar da ita kasuwa da baki kashi 44 ba. Duk wadda ta haɗa waɗannan biyu, kwafi ce, galibi haihuwar Italiya.

Gyaran da ya fi ɓarna

A ganina, kashi mafi girma na aikin gyaran tsohuwar bindiga shi ne riƙe hannu. Duhun nan mai ruwan ƙasa da ya lulluɓe ƙarfen ba datti ba ne, tsatsa ce da ta kwanta ta daina ci, har tana kare abin da ke ƙasanta. Wadda ake yaƙa ita ce ja, mai gari-gari, mai kama yatsa. Ita ma da mai ake lallashinta, a bar shi ya kwana, a goga da abin da ya fi ƙarfen laushi, kamar gefen ɗan jan ƙarfe. Injin gogewa, burushin waya, sake rina ƙarfen ya yi baƙi, shafa wa ƙota sabon fenti: kowane ɗayansu na mayar da bindigar tarihi ta zama abin ado na bango. Ƙotar ma itacen gyaɗar Turawa ce guda ɗaya, kuma in bindigar ta soja ce akwai ɗan hatimin jami'in da ya duba ta a jikin itacen, ya dushe har da ƙyar ake ganinsa. Sanfefa ba ta san shi ba.

Sukurori sun fi komai shan wahala. Tsagar kansu siririya ce, sukundireban kasuwa kuma bakinsa kamar gatari yake, yana zamewa ya yage tsagar ya ja layi a jikin bindigar. Maƙeran bindiga na wasa bakin nasu ya cika tsagar cif. Sukurun da ya ƙi motsi ba a yi masa dole, jiƙa shi ake yi da mai mai ratsa tsatsa na kwanaki ko makonni. Hancinan silinda sun fi haka taurin kai, kuma in ɗaya ya karye a ciki an shiga aikin haƙa.

Cikin bindigar ba yawa gare shi ba. Akwai ɗan hannu da ke tura silinda ta juya idan an ja guduma baya, akwai ɗan sakata da ke tasowa daga ƙasa ya kulle ta, da siraran sifirin da ke tura su. Sifirin ɗin nan su suka fi karyewa, kuma sauya su ba laifi ba ne, da sharaɗin a adana tsohon a ƙulle tare da bindigar. Abin dubawa shi ne lokaci: a ja guduma a hankali, ramin silinda ya zo daidai da bakin bututu, sakata ta faɗa gurbinta, duk a tare, a ramuka shidan. In silinda na lilo bayan ta kulle, ƙwallon zai daki gefen bututu ya watso dalma ta gefe. In sandar tsakiya na girgiɗi a mazauninta, ko gurbin weji ya buɗe har bututu na rawa, wannan bindiga ta gama harbi, sai kallo.

Harbin

Albarushin nan shi ne dai wanda 'yan bindigar sarki ke tayar da hayaƙinsa a hawan sallah a Kano ko Katsina, mai farin hayaƙi da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska, toka yake komawa, shi ya sa ƙarfin turinsa ke da iyaka, kuma a kan wannan iyaka aka ƙera bindigar. Garin harsashin zamani mara hayaƙi, wanda Paul Vieille ya fito da shi a Faransa a 1884, matsinsa ya ninka haka nesa. Zuba shi a Navy, ko ta asali ko ta Italiya, ba harbi ba ne, tarwatsa silinda ne a tafin hannu. Ba a kuma gane shi da launi, don shi ma yawanci baƙi ne.

Ko da albarushin da ya dace, ƙarfen da ya haura shekara 150 ba abin amincewa ba ne da ka. Bangon da ke tsakanin ramukan silinda siriri ne, tsatsa na iya cinsa daga ciki waje na nan lafiya lau. Tun tana sabuwa ma silindar Walker ta yi ƙaurin suna wajen fashewa. Sai maƙeri ya leƙa kowane rami da fitila ya auna kafin a yi maganar ɗuri.

Masu harba ta a filayen wasa suna da tsari da ba sa saɓawa. Albarushi mai ƙananan ƙwayoyi, wanda ake rubuta wa FFFg, ana awonsa da ɗan mudu na musamman, wajen giram ɗaya da ɗan ɗori ga kowane rami, kuma ga ta asali ragewa ake yi. Ba a tuttulawa kai tsaye daga gora, don in akwai sauran garwashi a ramin gorar ce za ta tashi. Ƙwallon na dalma ne zalla mai laushi, ya ɗan fi ramin faɗi, ta yadda in liba ta danna shi sai bakin ramin ya yanko wani siririn zobe na dalma ya faɗo. Ganin zoben nan shi ne shaidar ramin ya toshe ruf. Dole ƙwallon ya zauna a kan albarushi ba tare da sarari ba. Wasu na sa ɗan ƙyalle mai kauri a tsakani, wasu na shafe baki da kitse haɗe da kakin zuma, wanda ke tausasa toka. Hula ita ce ta ƙarshe, sai an tsaya a layi baki na kallon abin bara.

Duk wannan taka-tsantsan saboda abu ɗaya ne da kowa ke tsoro: wutar rami ɗaya ta tsallaka maƙwabta, biyu ko uku su tashi tare. Tana shiga ta gefen ƙwallon da bai matse ba, ko ta ƙarƙashin hular da ta yi wa hanci yawa. Don haka ba a taɓa sa hannu gaba da silinda. In kuma an ja kunama ba ta tashi ba, sai a ci gaba da nuna ta gaba na kusan minti guda, don wuta kan yi jinkiri. Colt ya sa 'yan ƙananan ƙusoshi tsakanin hancinan don guduma ta zauna a kai, amma a tsofaffin bindigogi galibi sun lotse, shi ya sa ake ɗura biyar a bar guduma kan ramin da babu komai.

Ga wanda ya saba da bindigar zamani, abin mamakin shi ne laushinta. Ƙwallon giram 5 ne kacal, ba ta da wani naushi a hannu. Saitin baya ɗan tsaga ne a leɓen guduma, sai an ja ta baya yake bayyana, kuma kusan dukkansu sama suke jefawa a kusa. Ba wasan yara ba ce duk da haka: da irinta shahararren ɗan bindiga Wild Bill Hickok ya kashe Davis Tutt a dandalin garin Springfield na jihar Mizuri a watan Yulin 1865, daga nisan kusan mita 70. Cikas ɗinta na kullum shi ne fasasshiyar hula da ke faɗawa cikin injin ta cije silinda.

Shin a harba ta asalin? Ana yi. A gasar duniya ta masu bindigogin ɗuri akwai rukuni mai suna Colt na libarbobin asali, da Mariette na kwafi, a nisan mita 25, harbi 13 a ƙirga 10 mafi kyau. Amma waɗancan mutane sukan nemi wadda ƙarfenta lafiyayye ne, kwalliyarta kuwa ta riga ta tafi. Mai cikakken zane da lambobi masu dacewa, ni dai ban ga hujjar ƙona mata albarushi ba alhali ta Italiya na nan da araha, ƙarfenta ya fi kyau, kayan gyaranta kuma ko'ina.

Doka ma ta raba tsakanin ajiyewa da harbawa. Dokar tarayyar Amurka ta 1968 ba ta lissafa abin da aka ƙera kafin 1899 cikin bindigogin da take sa wa ido ba, ko da yake jihohi na da nasu. A Birtaniya za ka iya ajiye ta a matsayin kayan tarihi ba lasisi, amma ranar da ka yi niyyar ɗura ta sai da takarda. A Nijeriya babu wannan sassauci: dokar makamai ta sa libarba da fistol, har da masu hula irin wannan, cikin jerin haramtattu da sai da izinin shugaban ƙasa.

Wanda ya harba, aikinsa bai ƙare a fili ba. Tokar albarushi na jan danshi daga iska ta zama ruwan gishiri a jikin ƙarfe, kwana ɗaya ya isa tsatsa ta fito. A ranar ake zare weji a raba ta, a kwance hancinan, a wanke bututu da silinda da ruwan zafi da sabulu har ruwan ya daina baƙi, a busar sarai, a shafa mai. Bayan kwana biyu a sake zura farin ƙyalle a kowane rami, don gindin ramin da zaren hanci sukan ɓoye saura.